Tayar Baro

Shekara bakwai na yi ina tura tsofaffi a keken guragu wajen ɗawafi, don haka na ɗauka duk unguwarmu ta Misfala a Makka ba mai koya mini zaɓen taya. Wata rana a bakin tekun Shu'aiba na ga wani Bature zaune a keke mai ƙafa uku, wata ƙatuwar lema can sama ta cika da iska tana jan sa a guje. Na rantse ni ma sai na yi.

Mai walda ya haɗa mini ƙarfen, lemar kuma na samo ta hannu a Jidda. Saura taya. Tsohon da ke faci a unguwarmu ya miƙo mini tayar baro mai kauri, ya ce, "Ɗana, wannan za ka sa, ka rage mata iska. Ba ka ga tafin raƙumi ba?"

Na ce, "Haba Baba, ni zan hau tayar masu kwasar siminti?" Na zaɓi sirara masu tauri, irin waɗanda ke sulɓi a daɓen Harami.

Ranar gwaji iska ta cika lema, tayoyin suka nutse a rairayi, keke ya kafe. Ni kuwa igiyar lemar na ɗaure a ƙuguna. Ta fizge ni, na yi ta sharar ƙasa da haɓa har bakin ruwa.

Washegari na koma wurin tsohon. Ya dubi haɓata. Tayoyin baro uku na jingine a gefensa, ya riga ya rage musu iska.