Ɗaki na Huɗu a Akwatin Kifin Baba

Shekarun baya, ranar da ni da mahaifiyata muka iso Sabha daga Damagaram, abin da na fara lura da shi a gidan shi ne ƙarar ruwa. A hanya da murfin bido, wato jarkar ruwa, ake auna mana abin sha, sai ga shi tun daga matakala ina jin ruwa yana zuba a hankali ba ya tsayawa, kamar an manta da famfo a buɗe. Inna ma ta ji, domin ta tsaya da ƙullin kaya a ka tana neman inda ake wannan ɓarna.

Mahaifina yana yankan gilashin taga a wani shago a unguwar Manshiya. Ya kama mana haya a saman bene, mai gidan kuma, wani dattijo Balarabe, yana ƙasa da iyalinsa. A falonmu babu kujera ko ɗaya, sai tabarma da wani babban akwatin gilashi mai shuɗiyar fitila. A ciki akwai kifaye biyu ruwan lemo masu farin zane, da duwatsu masu huji, da wani abu kamar ƙananan yatsu da ke buɗewa yana rufewa. Baba ya ce murjani ne, kuma mai rai, shi da kifin duk a ruwan gishiri irin na teku suke rayuwa. Ni a wuyan mata na san murjani, ban taɓa zaton yana motsi ba.

Wani da Baba ya yi wa aikin tagogi ne ya bar masa akwatin da zai ƙaura. Baba yakan ce, "Mutane suna wucewa ta garin nan suna neman teku, ni kuwa shi ya zo ya same ni a ɗaki." Inna ta ce ai da ya zo da kujeru da ya fi.

Ƙarar da muka ji daga ƙasan akwatin take fitowa. Idan aka buɗe ƙofar katakon da yake kai, akwai wani ƙaramin akwati a ɓoye. Na asalin ya fashe wajen ɗauko shi, wanda muka tarar kuwa baho ne na roba, Baba yana shirin haɗa na gilashi. A gabana ya haɗa shi, da ragowar gilashin shago. Lokacin ba a riga an karɓe ni a lakwal, wato makaranta, ba, ba ni da ƙawa, ba na jin Larabcin garin, don haka sai in tsuguna a gefe in zuba ido. Ni yarinya ce da ko gishiri ya yi kaɗan a miya sai in cinye ban ce komai ba.

Yakan ja abin yanka sau ɗaya tak, da wata siririyar ƙara, ya sa babban yatsa biyu ya danna, gilashi ya rabu. Ya goge bakin da dutse don kada ya yanke hannu. Silikon ɗin da ya liƙe gilasan da shi ba irin na banɗaki ba ne, ya ce wancan akwai maganin fumfuna a ciki, zai kashe murjani. Warinsa kamar ruwan tsami, ya cika gidan har ya bushe. A ciki ya tsayar da gilasai suka raba akwatin ɗaki uku. Ruwan babban akwati yana gangarowa ta tiyo cikin na farko, inda wani ƙyalle ke tare datti. Ya bi ta ƙarƙashin gilashi ɗaya, ya haye ta kan wani, ya shiga na biyu mai duwatsu da gansakuka. Na uku kuma akwai ɗan inji da ke mayar da shi sama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bai cika akwatin ba, ya bar kusan taƙi guda babu ruwa. Na so in tambaya, na kasa. Shi da kansa ya ce idan aka ɗauke wuta inji zai tsaya, ruwan da ke cikin tiyo da na saman babban akwati zai sauko, dole ya sami wurin zama. Inna tana kicin lokacin da ya faɗi haka.

A Sabha kuwa ɗauke wuta ba labari ba ne. Ba a daɗe ba, wata rana da azahar aka ɗauke, ruwa ya tumbatso daga akwatin ƙasa, ya jiƙa tabarma, ya bi ta gindin bango ya ɗiga a ɗakin mai gida. Dattijon ya yi haƙuri. Da aka sake, ya hau sama da kansa, ya nuna wa Baba farin tabon gishiri a hannun jallabiyarsa, ya ce ba ya son rigima da maƙwabci, amma idan ruwa ya ƙara sauko masa, ko akwatin ya bar gidan ko mu. Inna ta ce ita ba ta ratso hamada don a kore ta saboda kifin da ba a ci ba.

Daga nan Baba ya shiga gyare-gyare. Ya zaci silikon ne bai kama ba, ya kankare ya sake. Ya huda ɗan rami a tiyon da ke mayar da ruwa don iska ta shiga ta katse zuƙowa. Ya cire gilashi ɗaya ya rage masa tsawo. Ranar Juma'a, da ba ya zuwa shago, sai ya kashe wutar da hannunsa ya tsuguna yana kallo. Ruwa ya sauko, ya hau, ya hau, ya tsaya nesa da baki. Ya ce alhamdu lillahi. Tsakiyar mako aka ɗauke wuta, ruwa ya sake zubowa, Allah ya sa ina gida na tare shi da tsummokara kafin ya kai bango. Ga murjanin kuma ya fara rufe yatsunsa. Baba ya saka ma'aunin gishiri, wani ɗan gilashi da ke yawo a kan ruwa, ya ga gishirin ya ragu. Ya ce ko dai direban da ke kawo masa gishirin daga Tarabulus ya sauya iri ne. Na ji shi yana gaya wa abokinsa a waya cewa idan bai gano kan abin ba a makon, ya zo ya ɗauki kifin.

Ni abin da ke damuna daban ne. Da safe kafin in tafi lakwal, domin a lokacin an karɓe ni, nakan leƙa akwatin ƙasa. Akwai wani ɗan ƙarce a jikin gilashin, ruwa yana daidai da shi. Idan na dawo da rana, ruwan ya wuce ƙarcen sosai. Ga zafi, ga fanka da Baba ya kafa a kai don sanyaya ruwa, ai raguwa ya kamata ya yi. Sai na fara duba wasu abubuwa. Moɗar da ke kan bidon ruwan sha nakan tarar da ita a jiƙe a bakin katakon. Bidon yana saurin ƙarewa. A gefen zanen Inna kuma, wajen gwiwa, akwai farin tabo irin na hannun jallabiyar mai gida.

Wata rana malama ba ta zo ba, aka sallame mu da hantsi. Na hau matakala a hankali kamar yadda na saba. Ƙofa a buɗe take. Inna tana durƙushe a gaban akwatin, ta buɗe katakon, tana zuba ruwan sha moɗa bayan moɗa, tana magana da kifin ƙasa-ƙasa.

"Ku ga mutumin nan," take cewa. "Ya kawo ku ƙasar da babu ko tafki, sannan ya bar muku tulu rabi. Ku sha, bayin Allah."

Ta cika shi har baki, ta shafe gefen da zanenta, ta rufe. Na koma ƙasa da baya na zauna a matakala har lokacin tashi ya yi.

A gidanmu na Damagaram, ranar da ruwa ya zo, ba a barin ko kwanon sha ba a cika ba. Randa, tulu, baho, tukunyar da ba a girki da ita, duk sai sun cika. Macen da aka ga randarta rabi, ana cewa ba ta iya riƙon gida ba. Inna ta girma a haka, ta tarbiyyantar da ni a haka. Ita ce mai faɗa a kan kifin da dare ya yi, ita ce mai shayar da su da safe.

Na rasa yadda zan yi. Idan na yi shiru, kifin za su tafi, ko mu tafi. Idan na faɗa, Inna za ta ji kunya biyu, ta ruwan mai gida da ta son kifin da ta rantse ba ta so. Da yamma ta fita gaisuwa gidan wata 'yar garinmu a unguwar Jadid, Baba yana zaune gaban akwatin ya dafe kai. Sai na ɗauko moɗar, na ajiye ta a gabansa, na nuna masa ƙarcen, na nuna inda ruwa yake. Ya dubi moɗa, ya dubi bido, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan. Sai dariya ta kama shi har da hawaye.

"Uwata," ya ce, domin sunan mahaifiyarsa gare ni, "na wargaza akwatin nan na sake haɗawa, na zagi silikon, na zargi direba, ashe alheri ake yi mana. Bari ta dawo ta ji."

Bai gaya mata ba. A makon ya yanko gilasai dogaye ya haɗa wani siririn ɗaki, ya ɗora shi a gefen akwatin ƙasa, ya ɗan fi shi tudu. Ya sa masa ƙaramin tiyo da abin toshewa mai yawo a kan ruwa, irin na tankin banɗaki. Idan zafi ya rage ruwan kifi, sai wannan ɗakin ya ɗiga masa daidai abin da ya tafi, ya tsaya. Ya ce wa Inna shi mantuwa gare shi, ta taimaka ta riƙa cika wannan kowace safiya, har baki, sauran kuma akwai gishiri a ciki, a bar masa. Ta ce yanzu kuma an mayar da ita 'yar aikin kifi. Ta dube ni na ɗan lokaci, na sunkuyar da kai. Ruwa bai sake sauka wa mai gida ba, murjanin ya buɗe, daga baya ma dattijon yakan hawo da jikokinsa kallo.

Har yau ban sani ba ko Inna ta gane, kuma ban taɓa tambayarta ba. Abin da na sani shi ne ba ta taɓa barin ɗakin nan ya sauka ko da yatsa ɗaya ba. Ni kuma har yanzu idan na ga kofi rabi a kan tebur hannuna yana ƙaiƙayi, sai in tuna akwai abin da ake barin wuri a cikinsa da gangan. Nakan yi wa kaina dariya idan na tuna irin zufar da na yi a yammacin da na nuna wa Baba moɗar, kafin in iya haɗa jimla biyu. Baba ya riga ya miƙe zai leƙa taga ko Inna na tafe, na kama bakin rigarsa.

"Baba, don Allah kada ka faɗa mata," na ce. "Ka yi mata ɗaki ɗaya a ciki, wanda za ta cika har baki."