Jibirin Mai Tabarau da Taubashinsa

Jibirin ɗan yayana ne. A Garo aka haife shi, shekarar da na gama sakandare, na dawo gida na tarar da jariri mai ƙaton kai da yawan kuka. Kukan ne ya rikiɗe ya zama surutu da ya girma. Boko bai karɓe shi ba. Ya yi facin taya, ya yi acaɓa, daga baya ya kafa injin niƙa a Gwarzo, kusa da gidan da nake zaune tun rasuwar maigidana. Da injin ya yi aure, da shi ya haifi 'ya'yansa. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, amma ban taɓa jin wata mata ta ce ya rage mata gari ba.

Ba a ba da labarin Jibirin a bar Dabo. Dabo ɗan ƙanwata Marka ne, wadda aka aurar Dugabau, ta wajen Kabo. Ɗan namiji da ɗan mace ke nan, wato taubasai. A wurinmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne, bautar wasa, kuma duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a ba da haƙuri. Su biyun nan sun riƙe wasan fiye da kowa a danginmu. In Dabo ya shigo Gwarzo ranar kasuwa da buhunan hatsinsa, tun daga nesa Jibirin zai ɗaga murya.

"Wa ya bar mini bawa yana yawo babu izini?"

"Na zo in ga ko ubangidana ya samu na cefane yau, ko sai na taimaka."

Duk shekara ranar cika-ciki Dabo yakan zo da wata guntuwar tsintsiya, ya yi shara biyu uku a ƙofar gidan Jibirin, ya zauna ya ce sai an sallame shi. Kamila matar Jibirin ta fito masa da kaza, ya cinye yana kushe miyar. Tun suna samari suke haka har furfura ta fara fito musu.

Da aka cire tallafin mai, injin Jibirin ya tsaya. In ya ƙara kuɗin niƙa mata su koma turmi, in bai ƙara ba man fetur ya cinye ribar. Ya sayar da injin ya sayi farantin sola da batir, ya mai da ɗakin shagon cajin waya. Caji kaɗai bai ciyar da gida ba. Wata rana ya tafi Kano ya dawo da wani abu na hannu, fari, kamar ƙaramin kwano mai maɗauri, da 'yan sanduna biyu da ake riƙewa. Mutanen gari suka sa masa suna tabarau, shi kuma ya zama Jibirin mai tabarau.

Sau ɗaya na yarda ya ɗaura mini, don kada in yi maganar abin da ban gani ba. Yana ja maɗaurin, shagon ya ɓace. Na tsinci kaina a wani kango, bango duk huda, bindiga a hannuna. In na juya kai, wurin ya juya tare da ni. Na duba ƙasa ban ga ƙafafuna ba. Sai harbi ya tashi ta bayan kunnena, wasu mutane masu rufaffiyar fuska suka ɓullo daga bayan katanga suna ihu, ɗaya ya nufo ni har ina ganin yatsansa a kan kunamar bindiga. Idona ya yi ja wur, wai an harbe ni ke nan. Na cire na ce ya ba ni wayata.

Samari kuwa layi suke yi. Ka ga ƙato mai gemu yana tsugunne yana leƙen kusurwar da babu ita, yana harbin iska, 'yan kallo na bin abin da yake gani a wata ƙaramar talabijin suna faɗa masa ta ina za a fito. 'Yan Hisba sun zo sun duba. Babbansu ya ɗaura, ya daɗe, ya cire ya ce babu caca babu tsiraici, sai kashe-kashen da ba a binne kowa. Suka ce a rufe lokacin salla, kada a bar 'yan makaranta da safe. Jibirin ya bi. Dattawa ma sun samu nasu, don akwai wani ɓangare a cikin tabarau da yake nuna Ka'aba, mutum ya ga kansa a tsakiyar masu ɗawafi. Wasu da hawaye suke cirewa. Jibirin ya ƙirƙiro wa kansa tsokana da wannan: ya ce wa abokin wasa zo in kai ka Makka, in ya ɗaura masa sai ya kunna yaƙi. An sha dariya da haka, har da waɗanda aka yi wa.

A wannan tsakanin ne aka tare motar su Dabo a hanyar dawowa daga wata kasuwa ta wajen Katsina, aka shiga da su daji. Ya yi makonni. Dangi suka sayar da abin da za su iya sayarwa don haɗa kuɗin fansa, Jibirin ya sayar da babur ɗinsa bai gaya wa kowa ba, sai gani muka yi yana tafiya a ƙasa. Dabo ya dawo a rame, ƙafafu a kumbure. Muka cika Dugabau da jaje. Kowa ya shiga ya ce sannu, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa kaffara ce, ya fito. Babu wanda ya ce me suka yi maka. Mu nan ba ma tambaya, muna ganin tambaya tonon ciwo ce. Shi ma bai faɗa ba. Da ya murmure ya koma kasuwa, muka ce abin ya wuce.

Ranar da abin ya faru ina zaune a bencin shagon ina jiran wayata, bayan la'asar. Dabo ya shigo ya miƙa tasa.

"Inna, ina wuni? Ke ma kin faɗa hannun wannan? Ki duba batirinki da kyau kafin ki tafi."

"Rabu da shi, Gwaggo," in ji Jibirin. "Bawa, zo in kai ka Makka kyauta. Da kuɗinka dai na san ko Kabo sai an rage maka."

"Kai da ka je sau nawa? Ɗan gidanku ma a hoto ya san jirgi."

Samarin da ke wurin sun san abin da za a yi, suka fara ƙunshe dariya. Jibirin yana ta murna. Na san abin da ke ransa: tun dawowar Dabo yake lallaɓa shi kamar ƙwai, yana son ranar da za su koma yadda suke. Ya zagaya ta bayansa ya ɗora masa tabarau, ya ja maɗaurin. Na ga kafaɗun Dabo sun ƙame tun kafin a kunna komai. Aka danƙa masa sandunan. A talabijin kangon nan ya bayyana, harbi ya tashi, masu rufaffiyar fuska suka ɓullo.

Dabo bai ɗaga bindigar ba. Ya saki sandunan suka faɗi, ya durƙusa a kan siminti, ya mai da hannayensa baya ya haɗa su kamar an ɗaure. Samari suka fashe da dariya, suna zaton wasa yake. Sai muka ji muryarsa, wata siririyar murya da ban san shi da ita ba.

"Don Allah kada ku harba. Wallahi an tafi kawowa. Yau za a kawo, yau ɗin nan."

Dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Wandonsa ya jiƙe, kowa ya gani. Jibirin ya fizge tabarau. Dabo ya daɗe yana kallon wayoyin da ke jere a kan tebur, ya kalli samarin, ya kalle ni. Ya miƙe ya saki rigarsa ta rufe gabansa.

"Malam Jibirin, na gode. Sai an jima."

Ya fita ya bar wayarsa. Tun da suka iya magana ban taɓa jin ya kira shi Malam ba.

Daga ranar haka abin ya zama. In sun haɗu wurin suna ko jana'iza, Dabo zai miƙa masa hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya yi masa fatan alheri kamar baƙon da aka haɗu da shi a mota. Jibirin ya dawo gida kamar an doke shi. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma cin abinci shiru. Wata safiya ya shigo wurina ya zauna a bakin ƙofa.

"Gwaggo, in je in ba shi haƙuri?"

"Ka taɓa jin taubashi ya ba da haƙuri? Ranar da ka ba shi, ka gaya masa ke nan kai bare ne. Zai ce babu komai, kuma shi ke nan har ku mutu."

"To in yi yaya?"

"Ni na ɗaura masa?"



Asibi matar Dabo ce ta zo karɓar wayar bayan kwanaki. Ba ta yi faɗa ba. Tana tsaye a bakin shago ta ce, tun daga ranar da aka kama shi har ranar da aka sake shi idonsa a ɗaure yake da tsumma, ta baya ake ɗaurewa, kuma in suna son nishaɗi sai su yi harbi kusa da kunnensa. Ta ce ko riga yanzu ba ya sa mai shiga ta kai, sai mai maɓalli.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" in ji Jibirin.

"Wa ya tambaye ni?"

Bayan wannan na fara ganin wani abu. In an idar da azahar, kafin samari su dawo, Jibirin yakan turo ƙofa ya ɗaura tabarau shi kaɗai. Shi da ya fi kowa iya wasan a garin, wanda yakan share kangon nan kaf ba a taɓa shi ba, sai ya tsaya hannu a sake. A talabijin ina ganin bindigar tana kallon ƙasa, mutanen suna matsowa, allon ya yi ja, wasan ya sake farawa, ya sake tsayawa. Na ce masa wannan shirme ne, shi ya san in ya cire zai ga shagonsa. Ya ce ya sani. Bai daina ba.

Sayar da tabarau kuwa bai iya ba. Ya yi niyya, har ya yi ciniki da wani daga Sabon Birni, Kamila ta tambaye shi me yara za su ci, ya fasa. Ya ci gaba da ɗaura wa samari suna harbe-harbe, yana karɓar kuɗinsu fuska a murtuke. Tsokanar Makka dai ta mutu. Duk wanda zai ɗaura wa, sai ya gaya masa abin da zai gani, ya kuma miƙa masa maɗaurin ya ja da hannunsa.

Cika-ciki ya zo. Kamila ta yanka kaza duk da tsadarta. Jibirin ya hana a share ƙofar gida tun safe, ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana kallon hanya. Dabo bai zo ba. Yara suka cinye kazar.

Washegari Jibirin ya ɗauki tsintsiyar Kamila ya naɗe a buhu, ya hau mota zuwa Kabo, daga can ya ƙarasa Dugabau. Ban je ba, Marka da Asibi ne suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ya tarar da Dabo a kan dakali da maƙwabta. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya naɗe hannun riga ya sunkuya ya fara share ƙofar gidan. Ɗan namiji yana yi wa ɗan mace shara, abin da ko tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Ba shara biyu uku ta wasa ba, ta gaske, tun daga bakin zaure har gindin darbejiya. Mutane suka taru. Wani ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya daina. Dabo yana zaune yana kallo, bai ce ya bari ba. Jibirin ya gama ya tara sharar, ya rasa abin kwashewa, ya fara kwasa da hannu.

Sai Dabo ya yi magana.

"Ka bar kashin awaki can gefen katanga. Shekara da shekaru ina yi maka, ko da kallo ba ka koya ba. Asibi, kawo wa wannan ragon ruwa kafin ya faɗi mana a ƙofar gida a ce mu ne."

Marka ta gaya mini cewa Jibirin ya koma ya share gefen katangar, ya daɗe a can fuskarsa na kallon bango.

Yanzu ranar kasuwa Dabo yakan zo Gwarzo. Ba ya shiga shagon. Daga tsallaken titi yake tsayawa, ya ba wani wayarsa ya miƙa, ya ɗaga murya ya tambaya ko ubangidansa ya samu na cefane. Jibirin yakan fito ya rama, ya kushe masa hula, ya kushe masa hatsi, mutane su yi dariya. Amma kafin ya fito sai ya kashe ƙarar talabijin, ko da wani yana tsakiyar yaƙi. Kuma har yau bai sake kiransa bawa ba. Rannan Dabo ya tsaya yana jira, ya ga ba a faɗa ba, ya ɗauki buhunsa ya wuce.