Babaji Mahauci da Sunan Bubayaro

A layin mahauta na Potiskum kowa ya san Babaji, kowa kuma ya san ba a ce masa ɗan tsintacce. Ya taɓa karya wa wani muƙamuƙi a kan haka, ya kwana uku a caji ofis.

Maganar kuwa gaskiya ce. Mahaifinsa, Ɗantala, tsintar sa aka yi yana ɗan shekara huɗu a bakin wata ruga da ɓarayin shanu suka ƙone wajen Mamudo, wani ɗan kasuwa Bakano ya raine shi. Ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar shanu, harsashi ya sami Ɗantala a ciki. Babaji ya ja shi ƙarƙashin wata tirela, wuta na cin rumfuna, shanu na tattake mutane. Tsohon ya damƙe masa riga, jini na zuba ta bakinsa, ya ce, "Bubayaro. Shi kaɗai nake tunawa." Nan ya cika.

Shekara goma Babaji yana cigiyar sunan kafin ya ji labarin wani dattijo makiyayi a Gadaka, Hammawa Bubayaro. Nuriyya, 'yar Babaji, mai aiki a ɗakin gwajin jini, ta ce, "Baba, akwai gwajin da ke bin tsatson uba kaɗai, namiji zuwa namiji. Nawa ba zai yi ba, sai naka da na dattijon. Auduga kawai za a goga cikin kumatu, a aika waje."

Ya goga tasa, ya sa ɗayar a aljihu, ya hau mota. 'Ya'yan Hammawa su huɗu suka tare shi a bakin garke. Sun ɗauka gado ya zo nema.

"Yanka shanunmu bai ishe ka ba, sai ka gaje su?" in ji babbansu, Siddiq.

Sanda ta sauka a kafaɗar Babaji. Hannunsa ya kai kan wuƙar da ke ƙugunsa, sai ya sake ta. Suka fasa masa kai, suka karya masa hannun dama, suka yi ta dukansa yana ƙasa har Hammawa ya fito ya daka musu tsawa. Dattijon ya tsinci ledar audugar a cikin jini.

"Me ake yi da wannan, ɗana?"

Daga kwance Babaji ya gaya masa. Hammawa ya durƙusa ya buɗe baki don a goga masa audugar.

Bayan wata uku sakamako ya zo: tsatsonsu ɗaya, kuma na kusa. Hammawa ya ce, "Mahaifinka ƙanena ne. Ranar da aka ƙone rugar mun binne innarmu da mutum shida, shi ba mu ga gawarsa ba."

Hannun bai koma daidai ba, don haka Babaji ya bar saran nama, ya koma awonsa a sikeli. Siddiq kuwa sai da ya shekara biyu kafin ya tako gidan Babaji a Ngojin, riƙe da ƙwaryar nono. Bai ba da haƙuri ba. Babaji ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce a kawo wa ɗan'uwansa ruwa.