Jatan Landen Talatu

Ranar wata Asabar ce, a ranin shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, Baba ya shigo gidanmu na Saulawa da ƙullin garin sabulu a hammata. Tun safe yake layi a Ikara, soja na tsaye da bulala, har ya samu rabonsa a gadon baya. Mun daɗe muna wanki da toka, don haka Inna ta karɓi ƙullin da hannu biyu, ta ce gobe za mu shiga majami'a kamar mutane. Ni aka ba wankin.

Ina da ƙanwa, Talatu, mai ciwon ƙashi, irin wanda yanzu ake ce wa sikila. Ba ta zuwa fadama ban ruwan tumatir, ba ta ɗaukar rake, ko 'yar gala-gala sai dai ta yi mana alƙalanci daga kan tabarma. Tun da ba ta iya zuwa rafi, sai na kawo mata rafin gida. Na tare jatan lande da bakin zanena a gindin ciyawa, 'yan ƙanana, jikinsu garau kamar ruwa, na zuba su a wani tsohon kasko da yashi da dutse da busasshen ganyen mangwaro. Kullum nakan ɗebe ruwan kaɗan in ƙara na rafi. Talatu ta fi ni sanin halinsu. Ita ta gane ba sa son rana, kuma tsakin dawa ɗaya ya ishe su. Ranar da na ga ɓawo yana yawo na fara kuka, dariya ta yi mini. "Yaya, ba mutuwa ta yi ba, riga ta tuɓe. Ga ta can bayan dutse tana jin kunya."

Da na gama wanki ran nan, sauran kumfa ya rage a bokiti, na ga asara ce a zubar. Na dubi kaskon, cikinsa duk gansakuka, kore shar. Talatu na barci. Na kwashe jatan landen a ƙwarya, na dirje kaskon da kumfar nan har ya yi ja kamar sabo, na ɗauraye, na cika shi da ruwan rijiya mai sanyi, na mayar da su. Da ta farka har godiya ta yi mini.

Kafin mu dawo daga majami'a duk sun kwanta a gefe, sun yi fari. Na kamo wasu, su ma ba su kwana biyu ba. Gwaggo, yayar Baba, ta leƙa ta ce, "To, yarinya ta yini da fuska a bakin kasko tana hura musu numfashin ciwo, ina za su rayu?" Talatu ta ji. Da yamma ta kama hannuna ta ce, "Yaya, kada ki ƙara kawo su. Ni ce nake kashe su." Na ce ba haka ba ne. Ta ce to mene ne? Daga ranar ko 'yan tsaki ta daina taɓawa, jaririn maƙwabta ma in an miƙa mata sai ta ɓoye hannu a zane. Kafin dawa ta nuna muka binne ta.

Jikata Rahila, wadda ke rubuta mini wannan, kiwon kifi take koyo a Zariya. Bara na ba ta labarin, ta ce, "Kaka, ai sabulun ne. Ɗigo ɗaya ma kashe su yake, ga kasko yana shanye shi. Gansakukar da kika kankare kuwa abincinsu ce." Ta faɗa ne tana ɓare gyaɗa. Ni kuwa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar maigidana, ga shi yanzu ma sai da ta ajiye biro ta jira ni.

Yau sabulu ya cika kowane shago, rafin kuwa maganin feshi ya cinye shi, yaran gidan nan ba su taɓa ganin jatan lande mai rai ba. Amsar da Talatu ta nema tana bakina yanzu, wadda zan faɗa wa ce babu.