Gurasar Maryam 'Yar Meksiko

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Maryam, wadda unguwarmu ta Nakkasa a Makka kaf ta sani da 'Yar Meksiko. Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu, kuma har yau in na ji ƙamshin masara a kan kasko sai kewarta ta taso mini sabuwa fil.

Sunanta na gida Rosa. Ita da mijinta Malam Yusuf sun musulunta tun a ƙasarsu, ya zo Makka karatu, daga baya ya zauna yana yi wa alhazai masu jin Sifaniyanci tafinta. Arahar haya ce ta hawo da su dutsenmu, tsakiyar Hausawa. Ranar da ta fara shiga gidana ta tarar ina tace zoɓo, ta riƙa nuna tukunya tana nuna ƙirjinta, wai abin shan garinsu ne. Na ce, "La, ya ukti, wannan namu ne tun kaka da kakanni." Har ta koma ga Allah ba mu gama wannan shari'ar ba.

Masara kuwa dole muka sallama mata. Takan dafa ta da toka, ta wanke, ta niƙa da danshinta, ta riƙa tafa ƙullun tsakanin tafukanta har ya yi faɗi, sannan ta ɗora a kasko. Mu da muke zuba ruwan toka a miya, ba mu taɓa tunanin masara na son ta ba. Da farko dariya muka yi mata, daga baya muka koma aiken kwano. Ba ta yi rowar sana'arta ba. Ta tara matan layinmu, musamman waɗanda mazansu suka rasu, ta koya musu, suka riƙa kaiwa tashar Kudai lokacin aikin Hajji. Hajiya Ladi da wannan gurasar ta raini marayu huɗu. Da muka fara barbaɗa mata yajin ƙuli, Maryam ta ce mun lalata gadon uwarta, amma ita ce ta fi kowa cika yajin.

Ciwon 'yan kwanaki ta yi. Aka sallace ta a Harami, maza suka kai ta. Bayan 'yan shekaru aka rushe layinmu, muka watse, wasu Rusaifa, wasu Kudai. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ita da kullum take mitar hawan dutse, na san za ta yaba wa wannan benen da nake ciki yanzu mai na'urar hawa. Amma ba za ta kwana biyu ba sai ta tambaya ina mata ke haɗuwa su yi niƙa.

Bara Malam Yusuf ya nemo wa Lusiya ƙanwar Maryam bizar ziyara. Kirista ce, don haka iyakarta Jidda. Abu ɗaya ta roƙa, a kawo mata hoton kabarin yayarta. Maryam ta taɓa gaya mini cewa a ƙasarsu sau ɗaya a shekara dangi kan je maƙabarta, su share, su zuba furanni, su kai abincin da mamacin yake so. Mu kuwa a nan ba a rubuta suna a kabari. Malam Yusuf da ya sa ta da hannunsa ya ce ba zai rantse a kan wanne ne ba. Gidan ma babu. Hankalina ya tashi ƙwarai. Ya za a yi mace ta ƙetaro teku, mu ce mata ba mu da ko abu ɗaya na 'yar'uwarta da za mu nuna?

Hajiya Ladi ta ce, "Halas, shi ke nan, ki kai mata gurasa, ita muke da ita."

Na tafi Jidda da gurasar naɗe a ƙyalle, ina jin kunyar ƙanƙantar abin. Lusiya ta buɗe, ta shinshina, ta ɗauki ɗaya tana juyawa. Sai ta tsaya a kan ɗan matsin da muke yi a gefe da babban yatsa, ta fashe da kuka. Malam Yusuf ya fassara mini: a ƙauyensu mahaifiyarsu ce kaɗai ke wannan matsin, don ta gane nata in mata sun haɗu suna gashi a kasko ɗaya. Mu mun ɗauka cikin ƙa'idar yin ne.

Ta tambaya mata nawa ke yin ta haka. Na ce ban san adadinsu ba, don har da waɗanda ba su taɓa ganin Maryam ba. Daga nan ba ta ƙara maganar hoto ba.

Kabarinta ya ɓace mana, gidanta ya zama fili, Allah Ya jiƙan ta. Makon jiya na sayi gurasa a Kudai wajen wata 'yar Cadi da ban taɓa gani ba, na nuna mata gefen na ce, wannan matsin na mene ne?

Ta ce, "Haka ake yi, Hajiya."