Kindirmon Inno da Tsakar Gidan Siminti

A Dodoru kowa ya san kindirmon Inno. Mata kan ce hannu gare ta, don madara ɗaya za a ba ku, naki ya tsinke, nata ya kwanta kamar an yanka da wuƙa. Da girma ya kama ta, ɗanta Abdulrazak ya dawo da ita Gwandu, gidansa da ke jikin namu. Kafin ta iso ya sare bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidan, ya malale ko'ina da siminti, wai kada ganye ya dame ta da shara. Ni dai ina leƙe ta katanga ina jin haushi, amma ba a tambaye ni ba.

Lokacin sanyi ta zo, kuma komai lafiya. Ɗakinta ya riƙe ɗumi, nono ya yi ta kwanciya, har tana yabon birni. Bazara na shigowa abin ya juye. Ta tafasa madara da yamma, ta zuba tsohon nono kaɗan, ta rufe da faifai yadda ta saba, da safe sai ta tarar ya yi tsami ya fitar da ruwa. Masu saye suka fara janyewa. 'Yarta Hajara ta aiko daga Kalgo cewa baki ne, a nemi rubutu. Inno ta sha rubutun, nono bai canza ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne tunanin ko tsufa ne ya ƙwace mata hannu.

Sai dai Inno mace ce mai bin diddigi. Na gan ta tana yawo ba takalmi bayan la'asar, tana taka siminti, tana dafa bango, sannan ta shigo gidanmu ta taka ƙasar gindin mangwaronmu ta yi tsaye.

"Halima Sadiya," ta ce da ni, "rana guda ta, amma taku ta tahi, tamu tana nan cikin bango. Mi ya riƙe ta?"

Ta ce in ara mata gindin bishiyar. Ranar ta raba madararta ƙwarya biyu, ta bar ɗaya a ɗakinta, ɗaya a wajenmu, na kifa mata kwando saboda kyanwa.

Da safe ta kira Abdulrazak kafin ya fita aiki, ta buɗe su a gabansa. Ta ɗakin ta tsinke. Ta gindin mangwaro kuwa ludayi ya tsaya a cikinta. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina, har na so in yi masa gori, na haƙura don ganin yadda fuskarsa ta faɗi.

Inno ta ɗanɗana, idonta ya kawo ruwa.

"Ashe hannuna lahiya lau shike," ta ce. "Gidanka ka zazzaɓi."

Abdulrazak ya sunkuyar da kai. "Inno, don ki huta na yi."

"Na sani, ɗana. Na ko huta. Wata biyu ba wanda ya yi sallama yana neman nonona."