Ɗakin Zai-Gyaru

Duk layin nan babu wanda bai san Zai-Gyaru ba. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Ka nuna masa fanka mai fiffike ɗaya, ko rediyon da ruwa ya ci, sai ya jujjuya abin ya ce, "Ai wannan zai gyaru." Ƙarfinsa duk a shagon gyaran kayan lantarki ya ƙare. Da ya rufe shagon kuma, sai shagon ya biyo shi gida, ya tare a ɗakin baƙi.

Ɗakin kuwa, ko kyanwa sai ta karkace take shiga. Dutsen guga kan dutsen guga, ga tociloli, ga wayoyi a nannaɗe har bakin taga.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya kama yayarsa, wadda ta goye shi yana ƙarami, ga shi ita kaɗai ce a gidanta. Ya ce ta dawo wurinsa, ta ce to. Sai dai ina za a sa gado?

Matarsa ta kawo buhuna. Duk abin da ta jefa, sai ya bi ya ciro.

"Malam, agogon nan tun ina amarya yake ƙarfe huɗu."

"Batir ne kawai."

"To a kan batir ɗin ne Yaya za ta kwana?"

Ya sosa ƙeya, bai kuma saki agogon ba. Ita kuwa ta daɗe da sanin makamar mijinta. Bai taɓa riƙe abin da ke aiki ba. Ko a shago, da gyara ya ƙare yake matsuwa mai kaya ya zo ya ɗauka. Mataccen ne ba ya iya saki.

Washegari ta fitar masa da tebur inuwa, ta ɗora kayan aikinsa da tabaransa.

"Tunda zai gyaru, ga fili ga mai doki."

Fankar farko da ta juya, mai wanki ya samu. Dutsen guga ya tafi wurin tela. Mai gadi ya ɗauki rediyo, har yau layin bai huta da labaran duniya ba. Wanda ya ƙi tashi kuwa, sai ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Wannan ya yi nasa," ya miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Matarsa ta kau da kai don kada ya ga murmushinta.

Ranar da Yaya ta iso, ɗaki a share, gado a shimfiɗe, agogon nan yana tafiya a bango. Ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta sa albarka. Sai ga direban da ya kawo ta ya shigo rungume da tsohon keken ɗinki duk tsatsa.

"Ƙanena, na ƙi yarda a zubar. Na ce ina da mai dubawa."

Zai-Gyaru ya shafa keken, ya saci kallon matarsa.

"Zai gyaru, Yaya," ya ce. "Amma a ajiye min shi a waje."